Shafi-Nawa, Mutumin da Ya Sauko Gangare

Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi marigayi, wanda jama'a suka fi sani da laƙabin Shafi-Nawa, a farkon daminar shekarar 1948, a unguwar tudu ta garin da ya rayu a cikinsa har ƙarshen kwanansa. Mahaifinsa baduku ne mai rumfa a bakin kasuwa, mutum mai ƙarancin magana da yawan aiki, mahaifiyarsa kuwa tana kaɗi tana sayar da zare a cikin gida. Shi ne ɗansu na fari da ya rayu, sai ƙanensa guda da aka haifa bayan shekara shida, wanda daga baya ya zama babban mai sayar da katako, kuma za a sake jin labarinsa a gaba.

Wajibi ne a bayyana yanayin wurin tun da farko, domin rayuwar marigayi kacokan a kansa ta ginu. Unguwanni biyu ne maƙwabtan juna, babban titi ya raba su. Ta tudu ta masu gidajen gado ce, waɗanda suka san kakannin juna. Ta gangare kuwa tana can ƙasa, tsakanin titin da rafin bayan gari, kuma mazaunanta galibi 'yan haya ne, masu wanki da guga da 'yan dako da leburori, waɗanda suka zo neman abinci zama ya kama su. Mutanen tudu suna ba su aiki, suna gaisawa da su cikin mutunci, amma idan aka zo maganar unguwa ko a lissafi ba a sa su.

Karatunsa

An sa shi makarantar allo yana ɗan shekara biyar, sa'annan aka kai shi firamare a shekarar 1956. Ba a taɓa lissafa shi cikin haziƙan aji ba. Malamansa sun shaide shi da jinkirin karatu, sai dai sun ce idan ya kama layi ba ya sakinsa sai ya gane abin da yake nufi, ko da kuwa an tashi an bar shi a aji. Da yamma yana rumfar mahaifinsa, inda ya koyi riƙon basilla da jan zare har hannunsa ya faɗa. Ya kammala firamare a daidai lokacin da idon mahaifin ya fara rauni, saboda haka maganar ci gaba da karatu ba ta ma taso ba.

Aikinsa a Maɗaba'a

A shekarar 1965 aka ɗauke shi aiki a maɗaba'ar gwamnatin jiha, a sashen ɗaurin littattafai, albarkacin ɗinkin da ya koya a gida. Sashen dogon ɗaki ne mai tagogi a can sama, da teburin katako ɗaya daga wannan bango zuwa wancan, da tukunyar gam da ba ta sauka daga kan wuta, da injin yanka takarda wanda ya ci yatsun mutane da dama kafin zuwansa. A nan ya shafe shekara talatin da biyar, daga mai jera shafuka har ya zama shugaban sashe, kuma ya yi ritaya da yatsunsa goma cif.

Kowace shekara, idan ta zo ƙarshe, akan kawo musu babban littafin kasafin kuɗin jiha su ɗinke. Kusan shekara ashirin marigayi yana ɗinkin wannan littafi bai taɓa karanta layi ɗaya a cikinsa ba. Shi da kansa ya sha faɗa yana dariya cewa ya san kaurinsa da nauyinsa da warin tawadarsa, amma bai san a cikinsa ake yanke wanda zai sha ruwan famfo da wanda zai sha na rijiya ba.

Aurensa da Iyalinsa

Ya yi aure a shekarar 1972. Matar tasa 'yar wani mai injin niƙa ce, mace mai kazar-kazar wadda ba ta ɓoye abin da ke cikinta, kuma ba a jima ba ta kafa nata injin markaɗen a zauren gidan, har aka daina kiranta da komai sai Mai Inji. An ce tun suna sababbin aure take tsokanarsa da cewa ita ke ciyar da unguwa, shi kuwa yana ɗinke wa gwamnati takardu. Shi kuma ba ya musu, sai dai ya yi murmushi ya ce ai gwamnatin ma da markaɗenta take tafiya. Allah Ya albarkace su da 'ya'ya bakwai, biyu suka rasu suna ƙanana.

Ƙungiyar Unguwa da Magudana ta Farko

A shekarar 1984, bayan ruwa ya zaizaye lungunan tudu har harsashin gidaje ya fara bayyana, dattawan unguwar suka kafa ƙungiya, suka naɗa marigayi magatakarda, ba don komai ba sai don shi ne mai hulɗa da takarda. A taronsu na farko da wani babban jami'i, jami'in ya tabbatar musu cewa an riga an sa musu magudanar ruwa a kasafin bana. Jama'a suna ta godiya, sai marigayi ya ɗaga hannu, cikin ladabi da rashin sanin nauyin abin da yake tambaya, ya ce: “Ranka ya daɗe, a shafi na nawa?” Jami'in bai sani ba, domin babu ita. Daga ranar laƙabin ya bi shi, kuma daga ranar ya fara karanta littafin da yake ɗinkewa, a hankali kamar yadda ya saba, da zarar an sake shi ga jama'a.

Shekara huɗu suna sintiri tsakanin ma'aikatar ayyuka da ofisoshin tsare-tsare kafin magudanar ta shiga kasafi da gaske a 1988. A nan ne aka yi kuskuren da ya sauya rayuwarsa. Dokar ƙungiyar ta ce ba ta magana sai a kan abin da ke cikin iyakar unguwa, iyakar kuwa babban titi ce. Da injiniyan ma'aikata ya tambaye su inda ruwan zai nufa bayan ya bar tudu, suka ce akwai kwalbati a ƙarƙashin titi, abin da ke bayansa kuma ba huruminsu ba ne. Injiniyan ya ce kuɗin da aka ware ma iyakarsu ke nan. Marigayi ne ya rubuta buƙatar da hannunsa, daga masallacin unguwa zuwa bakin titi, bai ƙara ko taku ɗaya ba. Babu mugunta a zuciyar kowa. Kawai dai ba wanda ya tuna cewa a bayan kwalbatin akwai mutane.

An gama aikin a ranin 1989, aka yi taron godiya, aka yi ta sa wa magatakarda albarka.

Ambaliyar 1989

A watan Agusta na wannan shekara aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya daga azahar har la'asar sakaliya. Ruwan da a da yake watsuwa a lungunan tudu, ƙasa ta sha wani, wani ya kwanta, yanzu ya sami hanya ɗaya shimfiɗaɗɗiya ta siminti, ya taru ya fito ta kwalbatin nan da ƙarfinsa duka, ya faɗa wa unguwar gangare. Gidaje da dama suka zube, mutum uku suka rasu. A tudu kuwa ko tabarma ba ta jiƙe ba.

Cikin mamatan akwai 'yar mai wankin da ke yi wa gidan marigayi wanki da guga. Bayan an share makoki, mai wankin ya hau tudu da kayan da aka ba shi kafin ruwan, a goge a ninke, ya ajiye su a zaure. Marigayi ya fara yi masa ta'aziyya, mutumin ya saurara har ya gama, sa'annan ya ce: “Malam, ga kayanku. Ruwan da kuka turo ya iso, ya tafi da ƙaramar 'yata.” Bai ɗaga murya ba, bai tsaya karɓar ladan aikinsa ba, kuma bai sake karɓar wankin gidan ba.

Iyalinsa sun ba da shaida cewa marigayi ya yi kwanaki ba ya iya cin abinci. Ya kai maganar gaban ƙungiya, ya nemi a roƙi gwamnati ta ƙarasa magudanar har rafi. Dattawa suka ce ƙaddara ce, kuma doka ta hana su tsallaka titi. Ya tafi ma'aikata shi kaɗai, aka karɓe shi da fara'a, aka sanar da shi cewa ba a sauraron buƙatar unguwa sai daga bakin mazauninta. Ya gangara ya nemi mazaunan su tashi su yi magana, suka ƙi, kuma suna da hujja: unguwar ba ta cikin taswirar gari, suna tsoron idan suka tuna wa hukuma da kansu, maimakon magudana a aiko musu da motar rusau. Masu gidajen hayar kuwa ba a nan suke kwana ba.

Saukowarsa Gangare

Shekara biyu yana juya al'amarin, ruwa kuma yana maimaita ɓarnarsa kowace damina. A ranin 1992 ya yanke shawarar da har yau ake jayayya a kanta a cikin danginsa: ya bar wa ƙanensa kasonsa na gidan gado, ya ce zai kama haya a gangare, domin ya zama mazauni mai bakin magana.

Mai Inji ba ta karɓi zancen da sauƙi ba. Ta ce ita dai ta ga masu fafutukar hawa tudu, amma ba ta taɓa ganin wanda ya kwashi 'ya'yansa ya gangara cikin taɓo da ƙafarsa ba, kuma idan tuba yake son yi ai ƙofar masallaci a buɗe take. Mako guda ba ta dafa abin da yake so ba. Bayan nan ta yafa mayafinta ta gangara ita kaɗai, ta zagaya gidajen haya, ta zaɓi mai ɗaki uku da dokin ƙofa mafi tsawo, ta dawo ta ce masa idan za a yi hauka gara a yi ta da tsari. Ƙanensa kuwa ya ɗauki abin a matsayin tozarta gidansu a idon duniya, kuma daga ranar da aka fitar da kaya gaisuwa kaɗai ta rage a tsakaninsu.

Mutanen gangare ma ba su yi masa maraba ba. Wasu suka ce ɗan leƙen asirin masu rusau ne, wasu suka ce damina ɗaya za ta kore shi. Damina ta zo, ruwa ya shiga ɗakinsa har gwiwa kamar na kowa, aka gan shi da bokiti yana kwalfewa tare da 'ya'yansa, kuma da rani ya zo yana nan. Sai a shekara ta uku mai wankin nan ya zo da kansa ya zauna a ƙofar gidan, ya tambaye shi yadda ake kafa ƙungiya. Aka kafa ta a 1995, mai wanki ne shugaba, marigayi magatakarda, kuma dokarta ta farko ita ce ɗan haya da mai gida bakinsu ɗaya.

Shekarun Fafutuka

Tsarin aikinsa bai sauya ba har tsufansa. Duk shekarar da kasafi ya fito, sai ya shimfiɗa tabarma a filin shanya na masu wanki, ya karanta wa jama'a shi da Hausa, sashe bayan sashe, suna aikinsu suna ji. A nan 'yan dako suka fara jin cewa an ware kuɗin gina ƙatuwar ƙofar ado a mashigar gari, da sabunta masaukin baƙi na gwamnati, da sauya motocin manya, alhali abin da magudanarsu ke bukata bai kai rabin na ƙofar ba. Ba ya zagin kowa, kuma ba ya yarda a yi zagi a gabansa. Abin da yake cewa shi ne dukiyar ta jama'a ce, tambaya kuma ba rashin kunya ba ce.

Sannu a hankali malaman makarantun da rufinsu ya yaye, da ungozomomin asibitocin da babu magani, da manoman da gadarsu ta karye, suka riƙa zuwa filin shanyar, har aka wayi gari ana zuwa zaman jin ra'ayin jama'a na majalisar dokoki a ƙungiyance, kowa ya san shafinsa. Tsoron rusau bai tabbata ba, aka ma shigar da unguwar cikin taswira. Wasu daga cikin abokan tafiyar sun sami biyan bukata tun da wuri. Magudanar gangare kuwa sau uku tana shiga kasafi ba a saki kuɗinta ba, kuma a nan marigayi ya gane cewa shiga littafi daban, fitowar kuɗi daban.

Ya yi ritaya a shekarar 2000. Ba za a ɓoye ba, a 2003 ya tafka wani kuskuren, inda ya yarda da alƙawarin wani ɗan takara ya jawo ƙungiyar ta mara masa baya a fili. Ɗan takarar ya faɗi, wanda ya ci kuma ya riƙe su a zuciya, shekara huɗu ko ƙofar ofis ba a buɗe musu ba. Mai Inji ta ce masa da ma ai ɗinki ya iya, ba siyasa ba, shi kuma ya amsa laifinsa a gaban taro.

Takardar Mutanen Tudu

A shekarar 2012 shugaban kwamitin kasafi na majalisa, wani dattijo mai faɗin gaskiya ko da ba ta da daɗi, ya kira su ya fayyace musu yadda lamarin yake. Ya ce tudu da gangare mazaɓa ɗaya ce, kason ayyukanta ɗaya ne, kuma an riga an ba da shi ga shimfiɗa kwalta a titin cikin tudu. Idan ƙungiyar tudu ta yarda a rubuce a jinkirta titinta, shi zai tsaya a juya kuɗin zuwa magudana, har a sake su. Idan ba ta yarda ba, ba shi da yadda zai yi.

Shugaban ƙungiyar tudu a lokacin ƙanen marigayi ne, kuma shagon katakonsa a bakin wannan titi yake. Marigayi ya hau tudu, ya zauna a zauren da aka haife shi kamar baƙo, ya yi bayani. Ƙanen ya saurara kansa a sunkuye, sa'annan ya ce: “Yaya, kai ka zaɓi taɓo da kanka. Mutanen nan shekara goma suna jiran titinsu, da wane baki zan ce su haƙura?” Marigayi bai ga laifinsa ba, domin ya san nauyin da ke kansa. Ya yi sallama ya gangara.

Ba a fara aikin titin ba damina ta 2013 ta kama, kuma ta zo da ambaliyar da ba a ga irinta ba tun ta farko. Ruwa ya haura dokin ƙofar nan mai tsawo, ya cinye injin markaɗen da ya ciyar da gidan shekara arba'in, marigayi kuma ya kwashi ciwon ƙirjin da bai rabu da shi ba har rasuwarsa. Washegarin ambaliyar da hantsi ƙanen ya iso da motar ɗaukar katako da leburori, ya ce a kwashe kaya a koma gida. Ya tarar da wansa, tsoho ɗan shekara sittin da biyar, zaune a kan bulo yana tari, ƙafafunsa cikin laka. Marigayi ya yi masa godiya, ya ce idan motar za ta ɗauke unguwar duka to a fara da maƙwabta. Ƙanen ya juya wajen Mai Inji, yana tsammanin za ta taya shi, tunda ya san ba da son ranta aka sauko ba. Ta ce: “Ni ma na roƙe shi shekara ashirin, na gaji. Ba zai hau ba. In kana son yayanka ya kwana a busasshen ɗaki, ka san abin da za ka sa wa hannu.”

Motar ta koma ba kaya. Bayan mako biyu ƙanen ya tara ƙungiyarsa, aka yi zazzafar muhawara, ya sa hannu da rinjaye ƙanƙane. Ya faɗa a fili cewa shi ba don gangare ya yi ba, ya yi ne don kada ɗan uwansa ya mutu a cikin taɓo. Mutanen tudu ba su yafe masa ba, a zaɓe na gaba suka sauke shi.

Ƙarshen Rayuwarsa

An fara aikin magudanar a 2015, wannan karon daga bakin rafi ana hawowa. Ya tsaya sau biyu saboda jinkirin sakin kuɗi, kuma sau biyun marigayi ya sa aka kai shi majalisa a bayan babur, yana tari, ya tambaya. Da ƙarfinsa ya ƙare, sai ya riƙa sa a fitar masa da kujera bakin aikin, ya wuni yana kallon masu ɗaurin rodi. An haɗa magudanar da kwalbatin titi a watan Fabrairu na 2017. Masu zuwa yi masa murna yakan ce musu a dakata tukuna, ba a yabon magudana da rani, burinsa kawai Allah Ya nuna masa ruwan farko ya bi ta cikinta.

Rasuwarsa

Allah bai nufa ba. Ya rasu ranar wata Laraba a watan Afrilu na shekarar 2017, yana da shekara sittin da takwas, sararin sama ko gizagizai babu. An yi masa salla a filin shanya na gangare, domin masallacin unguwar bai iya ɗaukar jama'ar ba, aka binne shi bayan azahar a maƙabartar bayan gari. Ƙanensa da mai wanki, tsofaffi biyu da ba su taɓa zama inuwa ɗaya ba, su suka shiga kabarin suka karɓe shi.

Ya rasu ya bar matarsa da 'ya'ya biyar: babbar 'yarsa, malamar firamare, wadda ƙungiya ta naɗa magatakarda a gurbinsa, sai mai bi mata, direban babbar mota, sai tela, sai ma'aikaciyar jinya, sai autansu, makanikin injin niƙa. Ya bar jikoki goma sha tara. Allah Ya gafarta masa kurakuransa, Ya karɓi abin da ya gyara.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka a watan Yuni, Mai Inji tana cikin takaba. Da ta ga hadari ya haɗu, ta tashi ta naɗe tabarmi, ta ɗora buhun hatsi da akwatin tufafi a kan gado, ta ɗage zanenta, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki da bokiti tana jira. Aka yi ta ruwa har la'asar. Can babbar 'yar ta shigo a jiƙe sharkaf, ta ce mata unguwa duk ta fito bakin magudana, ruwa yana ta wucewa rafi, ko lungu ɗaya bai shiga ba. Tsohuwar ta dubi tsakar ɗakin, ta shafa ƙasan da tafin hannunta, ta ji shi a bushe.

Ta ce: “To, sauke min kayan nan.” Sa'annan ta rufe fuskarta da mayafi ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da shi.